Alexei Venetsianov: Akawun da Sarkin Rasha ya ƙwace wa farantan bugu saboda hoto ɗaya

A watan Janairun 1808 wani ƙaramin ma'aikacin gwamnati a birnin St. Petersburg ya fara fitar da wata mujalla wadda babu komai a cikinta sai hotunan shaguɓe. Niyyarsa ta riƙa fitowa duk mako, amma daga fitowar farko ba ta sake ganin rana ba. Sarkin Rasha Alexander na Ɗaya da kansa ya ba da umarnin a dakatar da ita, a ƙwace takardun da aka riga aka buga, a haɗa har da farantan jan ƙarfen da ake buga su da su. Ya kuma sa aka ja wa mai mujallar kunne cewa gara ya kashe lokacinsa wajen koyon aikin ofishin da ake biyansa albashi dominsa.

Sunan ma'aikacin Alexei Gavrilovich Venetsianov, kuma a lokacin shekarunsa 27. A yau Rashawa na kallonsa a matsayin uban masu zanen rayuwar talaka a ƙasarsu.

Hoton da ya jawo masa fushin fada sunansa Velmozha, wato ƙusa a gwamnati. Wani ƙato ne mai tumbi ya baje a kan doguwar kujera tare da farkarsa, ya yi watsi da aikin jama'a. Can a zaure kuma ana hango masu jiran ganinsa, cikinsu har da matar da mijinta ya rasu riƙe da ɗanta, da tsohon sojan da ya baro lafiyarsa a fagen daga. Duk wanda ya taɓa zama a bencin ofis tun hantsi har la'asar, daga ƙarshe a ce masa mai gida yana taro ya dawo gobe, ba ya buƙatar a fassara masa wannan hoto.

Abin lura shi ne, maganar ba sabuwa ba ce. Venetsianov ya ɗauko ta ne daga wata waƙa mai wannan suna ta Gavrila Derzhavin, wadda ta yi shekaru a hannun masu karatu, kuma mai waƙar har ministan shari'a ya riƙe bayan ya rubuta ta. Waƙa ta wuce lafiya, hoto ya gamu da fushin sarki. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: a Rashar wancan zamani mafi yawan jama'a ba su iya karatu ba, waƙa sai mai ilimi, hoto kuwa ko ɗan dako ya kalla ya gane, ya yi dariya, ya nuna wa na kusa da shi.

Me ya sa aka ƙwace farantan?

Zanen fenti guda ɗaya ne tak. In attajiri ya saya ya rataye a falonsa, shi ke nan, sai baƙinsa za su gani. Hoton bugu kuwa haihuwa yake yi. Mai sana'ar zai samu farantin jan ƙarfe mai santsi ya shafe shi da wani irin kaki, sa'an nan ya yi zanensa da tsinken ƙarfe mai tsini, yana kankare kakin a duk inda tsinken ya bi. Sai ya tsoma farantin cikin ruwan asid. Asid ba ya taɓa inda kaki ya rufe, layukan da aka buɗe kaɗai yake ci, ya mai da su 'yan ramuka. A wanke faranti, a cusa tawada cikin ramukan, a goge saman tas, a ɗora takarda mai danshi a matse da inji. Hoto ya fito. A sake sa tawada, wani ya fito. Faranti ɗaya kan haifi ɗaruruwa, kowanne da araha. Kamar hatimi, abin da aka zana a dama a hagu yake fitowa, don haka dole mai zanen ya riƙa tunani a juye.

Shi ya sa ƙona takardu kaɗai ba ya kashe hoton bugu, sai an kama uwar. Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa: Bruce Onobrakpeya, wanda ya yi fice a hotunan bugu a Najeriya, a Zariya ya yi karatun zane daga 1957, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

Talakan Rasha ma ya san hoton bugu tun kafin a haifi Venetsianov. Tun ƙarni na 17 akwai abin da suke kira lubok, hotuna masu arha da ake sassaƙawa a jikin katako a buga, a shafa musu launi da hannu. 'Yan koli ne ke yawo da su ƙauye-ƙauye, manoma su saya su manna a bangon ɗaki, kamar yadda ake sayen kalanda a tasha. Sai dai lubok ya fi karkata ga tatsuniya da labarin waliyyai da barkwanci, kuma masu ilimin zane ba su ɗauke shi a bakin komai ba. A babbar makarantar zane ta masarauta da ke St. Petersburg, abin da ake girmamawa shi ne hoton gumakan Girka da jaruman Rum da labaran littafin addini. Mai noma da mai dako ba su da gurbi a can.

Ɗan mai sayar da dashe

An haifi Venetsianov a Mosko a watan Fabrairun 1780. Kakanninsa Girkawa ne da suka zauna a garin Nezhin. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai matsakaicin ƙarfi, yana sayar da dashen itatuwa da irin furanni, wani lokaci har da hotuna. Yaron bai shiga waccan babbar makaranta ba ko na kwana ɗaya. Aikin safiyon ƙasa ya fara yi, daga baya ya koma St. Petersburg, inda a 1807 ya samu aiki a ofishin shugaban gidan waya. Zane kuwa a gefe ya koye shi: in ya tashi daga aiki sai ya tafi gidan ajiye hotuna na Hermitage yana kwaikwayon ayyukan magabata, yana kuma ɗaukar darasi a wurin Vladimir Borovikovsky, gwanin zanen fuskoki na lokacin.

Bayan abin da ya faru a 1808 ya yi laƙwas na ɗan lokaci, ya koma zanen fuskoki. A 1811 ya miƙa wa makarantar hoton kansa, sa'an nan hoton wani jami'inta tare da ɗalibai uku, aka ba shi matsayin mamba. Mamba dai, ba malami ba. Wannan bambanci ya bi shi har kabari.

Shekara ɗaya bayan haka Napoleon na Faransa ya afka wa Rasha, ya shiga Mosko a watan Satumban 1812, birnin ya ƙone. Nan take gwamnatin da ta hana hoton shaguɓe ta gano amfaninsa. Venetsianov da Ivan Terebenev da Ivan Ivanov suka shiga buga hotunan da ke yi wa sojan Faransa dariya, ana sayarwa kamar ƙosai. A waɗannan takardu ne manomin Rasha ya fara fitowa a matsayin gwarzo, da gatarinsa da cokalin kwasar ciyawarsa. Ɗaya daga cikin na Venetsianov ya nuna Vasilisa, matar wani mai gari, tana tasa ƙeyar sojojin Faransa da yunwa ta galabaitar. Amma ko a nan halinsa bai ɓuya ba, domin da yawa daga hotunansa ba Faransawan suka nufa ba, manyan Rasha suka nufa, waɗanda suka raina harshensu suna Faransanci a gida, suna zubar da dukiya a shagunan kayan ƙawa na Faransawa.

Ƙofar da yaƙi ya buɗe ba ta rufu gaba ɗaya ba. A 1817 aka buga wani littafi a St. Petersburg mai suna Fitilar Sihiri, ɗauke da hotunan bugu 40 na masu talla da masu sana'ar hannu na titunan birnin. Ana danganta hotunan da Kapiton Zelentsov, wanda daga baya ya zama ɗalibin Venetsianov. Kwatankwacinsa a nan shi ne a ce wani ya bi titunan Maraɗi ko Kano ya zana mai shayi da mai nono da ɗan garuwa da wanzami, kowa da kayan aikinsa, ya haɗa littafi.

A daidai wannan lokaci wata sabuwar dabara ta iso daga Jamus, wato bugun dutse, wanda Alois Senefelder ya ƙirƙiro a 1796. Ita ba a sassaƙa komai. Ana zane ne da alli mai maiƙo a kan shafaffen dutse, a jiƙa dutsen, a bi da tawada mai maiƙo. Tunda ruwa da mai ba sa ga maciji, tawadar sai ta kama inda aka yi zanen kaɗai. Ta fi sauri, ta fi arha. Alexander Orlowski, ɗan ƙasar Poland da ya yi ƙaura zuwa St. Petersburg, yana cikin na farko da suka gwada ta a Rasha a 1816, ya yi suna da hotunan masu tuƙa keken doki. Venetsianov ma ya sa hannu, ya buga fuskokin wasu mutanen tarihi.

Ya koma ƙauye, ya yanke bangon masussuka

A 1815 ya auri Marfa Azaryeva, suka sayi 'yar gona a ƙauyen Safonkovo da ke lardin Tver, tsakanin Mosko da St. Petersburg. A 1819 ya ajiye aikin gwamnati ya tattara ya koma can.

A nan akwai abin da bai kamata a tsallake ba. A Rashar wancan lokaci in mutum ya sayi gona irin wannan, da mutanen cikinta yake saya. Manoman bayin gona ne, ba su da ikon barin ƙasar ubangidansu, ba sa aure sai da izininsa, ana iya sayar da su ko a jinginar da su. Mafi kusa da wannan a tarihin ƙasar Hausa shi ne rinji, ƙauyen bayi masu noma wa ubangiji. Ke nan mutumin da ya zana talaka a zauren babban mutum shi ma ya zama mai mutane, ko da yake ƙarami ne a cikin masu su. Waɗanda za a gani a shahararrun hotunansa mallakarsa ne.

Wajen 1820 ya ga wani zane na Bafaranshe François Granet a Hermitage, hoton cikin wata majami'a a birnin Rum, inda haske ke shigowa kamar a taɓa shi. Ya daɗe yana zuwa kallonsa. Abin da ya ɗauka daga ciki shi ne kada ya ƙara zana komai daga ka ko daga kwaikwayon wani, sai abin da idonsa ya gani a hasken da ya gan shi. Ya koma Safonkovo ya zaɓi wurin da ba wanda ya taɓa tunanin zanawa: masussuka.

Manomin Gidan Rumji ko na Gazawa zai yi mamakin wannan wuri. A jihar Maraɗi kaka rani take kawowa, a yanke gero a ɗaure dammuna a zuba a rumbu, mata su riƙa ɗiba suna sussuka a fili, iska na tafiya da ƙaiƙayi. A tsakiyar Rasha kuwa ruwan sama da sanyi ne ke bin bayan girbi, don haka ake kai hatsi cikin wani makeken ɗakin katako, wanda har keken doki ke shiga, a yi sussukar a ciki. Ɗakin duhu gare shi. Venetsianov sai ya sa aka yanke bangon gaba da zarto domin haske ya shiga, ya zaunar da manomansa, ya zana su yadda suke. Aikin ya ci shi daga 1821 zuwa wajen 1823.

A 1824 aka kai hoton gaban sarki. Alexander na Ɗaya, wanda ya ƙwace farantan 1808, shi ne ya saye shi a kan rubul 3,000, aka rataye shi a Hermitage.

Ba sarkin ne ya sauya ba. Wancan hoton bugu ne da zai shiga kasuwa ɗari-ɗari yana nuna wanda ya hana talaka haƙƙinsa. Wannan kuwa guda ɗaya ne, zai zauna a fada, kuma manoman cikinsa suna zaune ne shiru, wasu na hutawa, wasu na ɗaura wa doki kaya, ba mai ƙorafi, ba a ga ubangida ba balle bulala. Haka sauran ayyukansa na shekarun 1820 suke. A hoton bazara wata mata ce ba takalmi tana jan dawaki biyu a gona, jaririnta na zaune a gefen kunya, amma sanye take da kayan sallah, abin da ba macen da za ta yi a ranar aiki. A hoton girbi wata ta ajiye laujenta tana shayar da ɗanta, zafin rana ya kwanta a kan gonar har ƙarshen gani. Wannan kam duk wanda ya tashi a ƙauye ya san shi. Akwai yaro makiyayi da barci ya sace a gindin bishiya, akwai Zakharka, ɗan manomi mai gatari a kafaɗa da idanun da suka girmi shekarunsa.

Masu sukarsa sun ce ya wanke talauci ya shafa masa turare, kuma akwai gaskiya a ciki. Haƙorin da ya nuna a 1808 bai sake fitowa ba. Sai dai kafin shi, in manomi ya shiga hoto, galibi ko dai abin dariya ne ko adon bayan fage. Shi ne ya sa shi a tsakiya, da fuskarsa da sunansa da kaushin hannunsa, ya zana shi da natsuwar da ake zana 'ya'yan sarauta.

Ɗalibai, da kuɗin fansa

Abin da ya samu ya zuba shi a koyarwa. A Safonkovo da gidansa na St. Petersburg ya koyar da ɗalibai fiye da 70, da yawansu 'ya'yan talakawa da bayin gona, wasu ma a wurinsa suke ci suke kwana. Ba ya fara su da kwaikwayon gumakan Girka kamar yadda babbar makaranta ke yi. Abin da ke gabansu yake ajiye musu su zana. Cikinsu akwai Nikifor Krylov da Alexei Tyranov da Sergei Zaryanko, da Lavr Plakhov wanda ya shiga maƙera da shagon kafinta ya zana masu aiki a bakin aikinsu. 'Yarsa Alexandra ma ta zama mai zane, a zamanin da ba a san mata da sana'ar ba.

A 1830 Sarki Nicholas na Ɗaya ya naɗa shi mai zanen fada da albashin rubul 3,000 a shekara. Amma kujerar malanta da ya yi ta nema a babbar makaranta, malamanta sun hana shi har ya mutu. A 1831 annobar kwalara ta ɗauke matarsa. Kuɗin ɗalibai suka yi masa yawa, har ta kai ya jinginar da gonar.

Wani aikin da ya ɗora wa kansa shi ne bin ƙofofin iyayen gida yana roƙon a 'yanta yaran da ke da baiwa. Mafi shahara a ciki shi ne na Taras Shevchenko, bawan wani mai gona Pavel Engelhardt. Venetsianov na cikin waɗanda suka je ciniki da Engelhardt, wanda ya tsaya a kan rubul 2,500. Karl Bryullov ya zana hoton mawaƙi Vasily Zhukovsky, aka sa shi a ƙuri'a aka tara kuɗin, Shevchenko ya samu takardar 'yanci a watan Afrilun 1838. Duniya ta san shi a matsayin babban mawaƙin Yukren, amma ta fannin zane farantin jan ƙarfe ya riƙa. A 1844 ya buga jerin hotunan rayuwar ƙasarsa, ciki har da taron dattawan ƙauye suna shari'a da zuwan masu neman aure, kuma a 1860 makarantar da ta ƙi Venetsianov ta ba shi matsayin mamba a fannin hoton bugu.

Ta wannan hanya abin da Venetsianov ya fara da faranti ya koma faranti da dutse a hannun na baya. Ignaty Shchedrovsky ya bi sawunsa, ya zana masu sana'a da 'yan ƙwadago na St. Petersburg, aka buga su da dutse, kundin da ya fito a 1845 aka yi ta sake buga shi saboda masu saye.

Ba kowa ne ya yi sa'ar Shevchenko ba. Ɗalibin da Venetsianov ya fi ji da shi a ƙarshen rayuwarsa shi ne Grigory Soroka, bawan maƙwabcinsa Nikolai Milyukov mai gonar Ostrovki. Hoton masunta a bakin tafki da Soroka ya zana yana cikin abin da Rasha ke alfahari da shi a yau. Venetsianov ya yi roƙon duniya, Milyukov ya ƙi sakinsa, ya fi son ya riƙe shi yana masa aikin lambu.

A watan Disamban 1847 Venetsianov ya kama hanyar Tver a keken doki irin wanda ke sulɓi a kan ƙanƙara, kan wani aikin zanen majami'a da ya karɓa. A wata gangara kusa da ƙauyen Poddubye dawakin suka firgita suka zabura, keken ya wurgar da shi, ya mutu nan take yana da shekara 67. An binne shi a ƙauyen Dubrovskoye, wanda yanzu ake kira Venetsianovo.

Soroka ya rage a hannun Milyukov yana zanen hotunan majami'a a ƙauyuka. A 1861 Sarki Alexander na Biyu ya soke bautar gona, mutum wajen miliyan 23 suka samu 'yanci, sai dai da sharaɗin su biya kuɗin ƙasar da za a bar musu. Soroka, da yake ya iya rubutu, shi ya rubuta wa manoman yankinsu takardar koke a kan Milyukov. Hukuma ta ɗauki wannan a matsayin tunzura jama'a, ta yanke masa hukunci. A watan Afrilun 1864 aka same shi ya rataye kansa, yana da shekara 40.